Garin Neman Ƙiba: Martani Kan Buɗe Wa Tsofaffin Taraktoci Mai

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan tsofaffin taraktocin da ke yashe a Kano. Da a ce a takarda maganar za ta tsaya, da na bar shi da ra'ayinsa. To amma irin wannan magana ba ta tsayawa a takarda. Tana isa kunnen masu taraktar haya da direbobinsu, daga nan ta isa gareji, a ɗauko sifana. Shi ya sa na ga wajibi ne a mayar masa da martani tun ruwan shuka bai sauka ba.

Ga abin da marubucin, wanda zan kira Malam, ya kawo. Ya ce tunda sabuwar tarakta ta fi ƙarfin aljihun manomi, mafita ita ce a ƙara wa tsofaffin ƙarfi. A buɗe famfon injekta ya riƙa watsa mai fiye da yadda kamfani ya ƙayyade, a tsinke wayar hatimin gwamna, wato na'urar da ke ƙayyade gudun injin, don injin ya ƙara gudu, sannan a nemo tobo na tsohuwar babbar mota a Ƙofar Ruwa a ɗaura. A lissafinsa, tarakta mai ƙarfin doki 75 za ta koma tana ja kamar mai 100, ta ɗauki garma mai faifai huɗu maimakon uku. Ya ce da gangan kamfanoni suke danne ƙarfin injin don mu je mu sayi babba, kuma baƙin hayaƙin da tarakta ke fesowa in ta ɗau nauyi alama ce ta ƙarfi. Ya rufe da kiran a mai da ɗakunan masana'antun da suka mutu a Sharaɗa da Chalawa da Bompai su zama garejin wannan aiki.

Akwai inda ni da Malam muka haɗu, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Ni ma raina yana ɓaci in na ga an sa wa tarakta wuta an yanka, an auna a sikelin 'yan gwangwan. Zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 da shirin bunƙasa noma na Shagari a 1980 taraktoci sun shigo da yawa, bayan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ta buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. A nan Kano kamfanin NTM da ke kan titin Zariya ya haɗa taraktocin Fiat, kamfanin Steyr ya haɗa nasa a Bauchi, ga kuma jajayen Massey Ferguson masu injin Perkins da kowane yaron ƙauye ya sani. Injinan wancan zamani an yi su ne don a kwance a sake ɗaurewa. A canja silif, a sa fistin da ringi, a goge kiranshaf a sa metal, injin ya tashi. Barin su su ruɓe asara ce, a nan Malam ya yi gaskiya.

Inda muka rabu shi ne a kan tambayar da ya kamata a fara yi. Malam ya ɗauki lambar da ke rubuce a jikin tarakta ya ɗora lissafinsa a kai, kamar yau ma abin da take bayarwa ke nan. Wannan lamba ta ranar da ta fito daga kamfani ce. Taraktar da ta shekara talatin tana shaƙar ƙurar hunturu, tana shan man da aka ɗuro daga jarka, ringinta sun cinye, nozul ɗinta suna ɗiga, ta yi nisa da wannan lamba. Mai ita da yake kukan ba ta ja, 75 ɗinsa ne suka zube a hanya, kuma ana iya tsinto mafi yawansu ba a taɓa hatimin famfo ba.

Mu fara da iska, don a nan lissafin ya fara karkacewa. Injin dizal ba ya ƙona mai sai da iska, kuma injin da ba shi da tobo iskarsa ƙayyadaddiya ce. Perkins 4.236, wanda ke cikin da yawa daga jajayen taraktocin nan, silinda huɗu gare shi, kuma a duk zagaye biyu na kiranshaf abin da zai iya shaƙa ba ya wuce lita 3.86, ko an buɗe famfo ko ba a buɗe ba. A lissafin masana, kilo ɗaya na dizal yana buƙatar wajen kilo 14.5 na iska kafin ya ƙone tas. A aikace kuwa sai an ba shi fiye da haka sosai, domin lokacin da man da iskar suke da shi na cuɗanya bai kai ƙiftawar ido ba. Kamfani ya tsayar da famfo ne dab da inda iskar take ƙarewa. Duk wadda ta taɓa girki a murhu ta san in aka cusa itace har iska ta rasa hanya, wuta ba ta ƙaruwa, hayaƙi ne ke cika gida.

Ba na musun cewa in aka ɗan buɗe, direba zai ji tarakta ta ƙara kuzari a makon farko. Zai ji, kuma abin da ke ruɗin mutane ke nan. Amma ragowar man da bai sami iska ba, ina yake zuwa? Wani ya fita ta salansa baƙi wuluk, wato man da aka saya lita sama da naira 1,000 yana tashi sama. Wani ya makara wajen ƙonewa, har bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe yana ci da wuta, ya gasa bawul da tof da kan fistin. Wani kuma ya zurara ta jikin silif, ya wanke baƙin man da ke hana ringi cin ƙarfe, ya gangara ƙasa ya tsinka man injin gaba ɗaya. Fistin na alminiyum ne, ƙarfen da ke narkewa a wajen digiri 660, kuma tun kafin nan yake fara yin laushi.

Na ga irin wannan ɓarna da idona a wani gareji da ke bayan ɗaya daga cikin rufaffun masana'antun Sharaɗa. An jera fistin ɗin wata tarakta a kan buhu. Bakin ramin da ke saman na uku ya zagwanye, ya yi gautsi, in ka sa farce yana marmashewa. Ringin sama ya maƙale a gurbinsa cikin baƙin gawayi, sai da sukundireba aka ɓanɓaro shi, ya karye biyu. Gefen fistin ɗin kuma duk zane ne daga sama har ƙasa, inda ya kumbura don zafi ya kama silif. Tsohon bakaniken da ya kwance injin ya nuna min famfon, babu waya babu hatimi, ya ce a damina ɗaya aka yi wannan aika-aika, kuma kafin a taɓa famfon injin ɗin ba abin da yake nema sai nozul da matatar iska.

Wataƙila abin da ya ja hankalin Malam shi ne hotunan da ake gani a waya na gasar jan nauyi da tarakta a Amurka da Turai, inda injin ke turnuƙe sama da hayaƙi yana jan abin da ya ninka shi nauyi. Filin wannan gasa wajen mita 100 ne, kuma jan ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Haka ma mota, mai ita yakan taka ta ƙarshe ne lokacin da zai wuce wata, sannan ya sassauta injin ya huce. Tarakta a gona ba ta da wannan hutu. Daga hantsi har la'asar tana kusa da iyakar ƙarfinta, tana tafiyar da ba ta fi ta mai sauri a ƙafa ba sosai, babu iskar gudu da za ta hura lagireto, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40. Abin da injin mota zai jure na minti ɗaya, injin tarakta ana neman ya jure shi na wuni.

Batun gwamna ba ya buƙatar doguwar magana. Wahalar da sandunan fistin da metal suke sha tana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: a ƙara gudu kashi 10 cikin 100, jijjigar da suke ɗauka ta ƙaru da kashi 21. Sannan sandar da ke juya injin casa ko na markaɗe ƙasa a bayan tarakta an tsara ta ne a kan zagaye 540 a minti. In injin ya wuce ƙa'ida, su ma sun wuce tasu, da mutane tsaye a gefensu.

Sai tobo, wanda shi ne zuciyar shawarar Malam. A nan tunaninsa ya fi kusa da daidai, domin tobo iska yake ƙarawa, kuma iskar ce ake nema. Amma mu duba yadda masu ƙera injin ɗin da kansu suka yi. Kamfanin Millat na Lahore a Pakistan, wanda taraktocinsa suna shigowa Nijeriya, yana yin MF 240 mai ƙarfin doki 50 da MF 260 mai ƙarfin doki 60. Dukansu silinda uku ne, lita 2.5, na biyun ne mai tobo. Ke nan kamfani da injiniyoyinsa da ɗakin gwajinsa, a kan sabon injin, kashi ɗaya cikin biyar ya ƙara ya tsaya. Malam kuwa yana yi wa manomi alkawarin kashi ɗaya cikin uku a kan injin da ya tsufa, da tobon da aka ciro daga motar da ta mutu. Kuma lokacin da Perkins ya fitar da 4.236 mai tobo, bai tsaya ga ɗaura tobo a waje ba. Ya canja fistin, ya rage matsin silinda, ya sa 'yan bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, ya sake saitin famfo da nozul. Daga waje injinan biyu kamar ɗaya suke, a ciki kuwa kowanne da kayansa.

Tobon babbar mota an auna shi ne da injin da ya ninka na tarakta girma. Hayaƙin ƙaramin injin ba ya isa ya juya shi yadda ya kamata a gudun da ake huɗa da shi, sai ya zama ya toshe hanyar hayaƙi bai kawo iskar kirki ba. Fankarsa tana zagaye sama da 100,000 a minti, ƙura kaɗan ta wuce matata sai ta cinye fikafikanta. Tsofaffin taraktoci da yawa matatar iskarsu mai kwanon mai ce, kuma zuƙar tobo tana iya janyo man nan cikin injin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsohon tobon da sil ɗinsa ya mutu. Yakan zubo baƙin mai cikin hanyar iska, injin ya koma ƙona man kansa, ya yi ta gudu ba ya jin makulli ba ya jin gwamna, har sai an toshe masa iska ko ya farfashe. Direba yana zaune ne a bayan wannan injin kai tsaye. Ko da an tsallake duk wannan, kulochi da giya da aksul da lagireto suna nan yadda aka yi su don ƙarfin farko.

Game da cewa kamfanoni suna danne ƙarfi da gangan, akwai ƙamshin gaskiya. Sukan sayar da injin iri ɗaya a matakan ƙarfi daban-daban, kuma sukan bar rara. Amma rarar nan an bar ta ne don ranar zafi, da man da ba shi da kyau, da lagireton da ya toshe, da tsufa. A Kano duk huɗun muna da su a lokaci guda. Rarar da Malam yake son a ci, yanayinmu ya riga ya cinye ta tuntuni.

To ina ƙarfin ya zube? Na farko a bakin nozul. Duk wanda bai taɓa ganin gwajin nozul ba ya je ya gani, domin minti biyu ne kuma yana buɗe ido. Ana ɗaura injekta a kan ɗan famfon hannu mai agogo, a danna mariƙi. Lafiyayye yana jira sai allurar agogo ta kai ma'aunin da kamfani ya rubuta, sannan ya buɗe da 'yar ƙara, ya fesa man kamar hazo ta kowace ƙofa daidai wa daida, ya rufe bakinsa a bushe. Wanda ya mutu tun allura ba ta kai ba yake buɗewa, ya tsartar da man kamar zare ta gefe ɗaya, ɗigo ya taru a bakinsa. Man da ya shiga silinda a haka ba ya ƙonewa da kyau ko iska ta wadata. Taraktar da nozul ɗinta biyu suke haka za ta yi hayaƙi, ta ci mai, ta ƙi ja, kuma in aka buɗe mata famfo an ƙara wa ɗigon yawa ne kawai.

Shi kansa famfon, irin na CAV da ke jikin Perkins da yawa, dizal ɗin da yake turawa shi ne man da ke shafa cikinsa. In aka gauraya dizal da kananzir, ko ruwa ya taru a gindin duro aka juye har da shi, ƙarafan cikin famfon da aka ƙera su daidai da juna sai su cinye, matsi ya ragu. Maganin wannan shi ne a kai shi kan teburin gwajin famfo, a auna abin da kowace silinda ke samu a gudu daban-daban, a canja abin da ya ci, a mai da shi kan ma'auninsa a sa hatimi. Duro kuma a bar shi ya kwana ya kwanta kafin a ɗiba, a daina kai wa gindinsa, a canja filta a kan lokaci. Sai saitin bawul, wanda a waɗannan injinan milimita 0.30 ne in injin ya yi sanyi, aikin da ba ya cin sa'a guda amma akan shekara ba a yi ba. Sai matatar iska da bututun robar da ke tsakaninta da injin, wanda tsaga ɗaya a jikinsa ta isa ta shayar da ringi ƙura damina da rani. Sai lagireto, da ƙaiƙayin shinkafa ya toshe ta waje, ruwan kududdufi ya toshe ta ciki. In an gama waɗannan aka gwada matsin silinda aka ga ya faɗi, to obahol ya kama, kuma a yi shi da kayan kirki.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a rubutun Malam shi ne bai ambaci taya ba ko sau ɗaya, alhali a nan ne taraktocinmu suka fi yin asara. Ƙarfin injin ba ya zama aiki sai ya bi ta taya ya kama ƙasa. Masana sun daɗe da cewa sulɓin tayar baya a ƙasar noma ya kamata ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Kowane mai tarakta zai iya auna nasa da alli da igiya. A yi alama a jikin taya, a ɗaga garma, a ƙirga zagaye goma a auna nisan da aka ci. A sauke garma cikin ƙasa, a sake ƙirga goma a auna. In na farko mita 40 ne na biyu 30, to kashi ɗaya cikin huɗu na man da aka zuba a tanki ya tafi wajen tonon rami da cinye roba. Taraktar da take haka, in ka ƙara mata ƙarfin doki 25, sulɓin ne zai ƙaru.

Me ke kawo shi? Tayar da haƙoranta suka gama cinyewa. Tayar da mai faci ya ɗura wa iska kamar ta tirela, ta yi tauri, ɗan wurin da take taɓa ƙasa ya ragu. Rashin nauyi a baya, alhali ana iya ɗura ruwa a tayar har kashi uku cikin huɗu, a bar sauran wa iska, ba da ko kwabo ba. Sai kuma abin da ya sa sunan Ferguson ya shahara tun farko. Ƙaramar tarakta mai launin toka da Harry Ferguson ya fara fitarwa a Coventry ta Ingila a 1946 ba ta da wani ƙarfin a zo a gani, amma ta yi aikin da manya suke yi, saboda dabarar haidurolik ɗinta. In garma ta gamu da ƙasa mai tauri, ƙarfen sama na mariƙinta yana jin nauyin, ya sa haidurolik ya ɗan ɗaga ta, nauyin garma da ƙasar da ke kanta ya koma kan tayoyin baya su ƙara kama ƙasa. A taraktoci da yawa da ke yawo a ƙauyukanmu wannan dabara ta mutu shekaru da suka wuce, direba ya saba da sama da ƙasa kawai, wani ma bai san tana nan ba. Gyaranta ya fi tobo arha nesa ba kusa ba.

Ita ma garmar a dube ta. Faifan da ya cinye ya dakushe, da boris ɗin da ya ƙi juyawa, da garmar da aka ɗaura a karkace tana jan tarakta gefe, kowannensu yana cin ƙarfi. Haka nan shiga gona tun ƙasa tana ƙeƙashe, musamman a laka irin ta fadama, don kawai mai gona ya matsa.

Akwai kuma lissafin aljihu da Malam ya tsallake. Mai taraktar haya kuɗin shekararsa a 'yan makonni yake samunsa, daga faɗuwar ruwa zuwa ƙarshen shuka. Injin da ya buga a tsakiyar Yuni ya tafi da daminar mai shi, ya kuma tafi da ta manoman da suka ba da kafin alƙalami suna jiran layi ya zo kansu. Direba sau da yawa a kan yawan ekar da ya huɗe ake sallamarsa, don haka shi ne zai fi kowa son a buɗe famfo, kuma ba shi zai sayi fistin ba. Ban ga laifinsa ba, yana neman na kai wa gida ne, amma mai rubutu ya kamata ya san wa zai ɗauki asarar. Sannan gonakin kewayen Kano ƙanana ne, gado ya rarraba su. Babban rabon wunin tarakta yana tafiya ne a juyawa a bakin gona da tafiya daga wannan gona zuwa waccan. Haɗa gonakin maƙwabta a huɗe su rana ɗaya zai ƙara yawan eka fiye da faifai na huɗu.

Na dawo kan Sharaɗa da Chalawa da Bompai, inda nake ganin Malam ya hango abu mai kyau ya ɗora masa aikin da bai dace ba. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu tun zamanin gyaɗa, Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya, kuma tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta masaƙu da kamfanoni da yawa suka rufe. Amma hannun da suka horar bai mutu ba. Akwai masu injin gogewa da huda da suka san ma'aunin da ido ba ya gani. Akwai waɗanda suka shekara suna riƙe da janaretocin kamfanoni, kuma da yawa daga janaretocin nan Perkins ne, dangin wanda ke cikin tarakta. Waɗannan mutane ba su buƙatar a koya musu tsinke waya. Abin da ya kamata a tara musu a ƙarƙashin rufi ɗaya shi ne teburin gwajin famfo da ake duba ingancinsa, da kayan gyara na asali, da wutar da ba ta yankewa a tsakiyar gogen kiranshaf, da kuma na'urar auna ƙarfin injin da ake jonawa a sandar bayan tarakta.

Wannan na'ura ta ƙarshe ita ce za ta kashe gardama. A jihar Nebraska ta Amurka, wani manomi mai suna Wilmot Crozier ya sayi taraktar da ba ta yi abin da masu sayarwa suka ce za ta yi ba. Da ya shiga majalisar jiha sai ya tsaya aka yi dokar 1919, wadda ta ce ba a sayar da samfurin tarakta a jihar sai jami'a ta gwada shi ta buga sakamako. An fara gwajin a 1920 da wata tarakta mai suna Waterloo Boy, kuma har yau ana yi. Mu ma muna da masu wannan ilimi: cibiyar NCAM a Ilori, da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, da Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta. In ɗaya daga cikinsu ta haɗa hannu da makanikan Sharaɗa, mai tarakta zai shigo a auna masa, a ba shi takarda cewa tana ba da kaza, a gyara, a sake aunawa a gabansa. Mai sayen tsohuwar tarakta ma ya huta da dogaro da ƙarar injin da sabon fenti.

Wanda kuma aikinsa da gaske yake buƙatar doki 100, kamar mai manyan filayen shinkafa, to ya nemi taraktar da aka gina a kan haka tun daga kulochi har aksul, ko da tsohuwa ce, ya gyara ta. Wanda ba shi da hali ya tsaya a faifai uku.

Malam, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ba na neman ka yarda da ni don na faɗa. A samo taraktoci biyu samfuri ɗaya masu kusan shekaru ɗaya. Ɗaya a yi mata yadda ka rubuta, a buɗe famfo a ɗaura tobo. Ɗayar a gyara nozul da famfo da bawul da lagireto, a ɗura ruwa a taya, a tayar da haidurolik, a saita garma. A rubuta abin da aka kashe a kan kowacce. A kai su fili ɗaya a Kadawa, a cika tankunansu, kowacce ta huɗe eka biyar a zurfi ɗaya, a auna lokaci da man da ta sha da zafin ruwanta, malaman ɗaya daga makarantun nan su riƙe agogo da littafi. Daga nan a sake su su yi aikin haya har ƙarshen damina, ana rubuta duk ranar da ɗaya ta kwana a gareji. In Oktoba ta yi, a kawo su Sharaɗa a cire tof ɗin kowacce a gaban masu su, a fito da fistin a jera.